FILIN UWARGIDA: Mun Cika Layin Zaɓe, Ina Kujerunmu?

  

A wannan wata za mu ɗan jingine maganar girki da tarbiyyar yara, mu leƙa wani fage da yawancinmu muke ɗauka na maza ne, alhali kuwa mu ne muke cika shi duk ranar da aka buɗe shi, wato fagen zaɓe. Uwargida, kada ki ce ina ruwanki da siyasa. Famfon da ya ƙafe har kike sayen jarka a wajen mai ruwa, da ajin da 'yarki take zaune a ƙasa saboda cunkoso, da maganin da ake rubuto miki ki sayo a waje ranar awon ciki, duk akwai waɗanda suke zama su yanke nawa za a kashe a kansu, kuma da ƙuri'arki suka samu wurin zaman. Saboda haka maganar ta shafe ki har cikin ɗakinki.

MU NAWA NE?

Bari mu fara da lissafi. A ƙidayar da aka yi a shekarar 1991, 'yan watanni bayan an cire Jigawa daga cikin Kano, an samu mutum 5,810,470 a Jihar Kano. Da aka sake ƙidaya a watan Maris na 2006, adadin ya kai 9,401,288, wanda ya sa Kano ta zama ta ɗaya a ƙasar nan, ta ɗara Legas. Wato cikin shekara 15 kacal an samu ƙarin mutum fiye da miliyan uku da rabi. A cikin wancan adadi na 2006, maza 4,947,952 ne, mata kuma 4,453,336. Kin ga ke nan kusan rabi ne mu.

Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta. To amma ko ba a ƙirga ba, ido ma mudu ne. Mu da muke zaune a nan cikin badala mun ga yadda gidan gado da a da yake ɗauke da iyali guda aka yayyanka shi sashe-sashe, har ya kasa ɗaukar jikoki. Yaran Zaitawa da Yakasai da Sheshe da Kankarofi, idan sun tashi aure, sai dai su nemi haya ko fili a Ɗorayi, Sheka, Rijiyar Zaki, Kurna, Gaida ko Mariri. Ƙananan hukumomin Kumbotso da Ungogo, waɗanda a da ake kallo a matsayin ƙauye, yanzu sun haɗe da birni. Ga kuma mutanen karkara da na wasu jihohi da suke ta shigowa neman abinci ko gudun rashin tsaro.

Wannan yawa ya bayyana a rajistar zaɓe. A zaɓen 2023 Kano tana da masu rajista 5,921,370, babu jihar da ta fi ta sai Legas. A ƙasa baki ɗaya kuwa, mata su ne kashi 47.5 cikin 100 na masu rajista. Bugu da ƙari, ki tuna cewa jaririyar da aka haifa a shekarar ƙidayar 2006 ta cika shekara 18 a 2024, kuma zaɓen 2027 ne zai zama babban zaɓenta na farko. 'Ya'yan da muka goya jiya su ne masu zaɓen gobe, kuma abin da suka ga muna yi da ƙuri'armu shi za su yi da tasu.

SIYASAR KANO SAI KANO

Ba a banza ake wannan kirari ba. Idan kika duba tarihi za ki ga mutanen Kano ba su cika bin iska ba. A 1979, lokacin da jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta kafa gwamnatin tarayya, Kano sai ta bi PRP ta Malam Aminu Kano, ta zaɓi Alhaji Abubakar Rimi. A 2003 Kanawa suka kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP, suka ɗora Malam Ibrahim Shekarau na ANPP. A 2011 suka juya wa ANPP baya, suka dawo da Kwankwaso. A 2023 kuma jam'iyyar APC da take riƙe da jihar ta sha kaye a hannun Abba Kabir Yusuf, wanda ya tsaya a NNPP, da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna kuma yana da 890,705, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan sakamako a watan Janairun 2024.

Ban kawo waɗannan sunaye don in ce wane ya fi wane ba, wannan fili ba na jam'iyya ba ne. Abin lura shi ne, ƙuri'a a Kano tana da kaifi, tana ɗorawa tana kuma saukewa. Dubi zaɓen gwamna na 2019, wanda sai da aka je zagaye na biyu: Abdullahi Umar Ganduje ya samu 1,033,695, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,024,713. Tazarar da ke tsakani 8,982 ce. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, Zaitawa ɗaya ce daga ciki. Idan kika raba waccan tazara a kan mazaɓun nan, kowace mazaɓa ba ta samu ƙuri'a 19 cikakku ba. Matan da suke taruwa a gidan suna guda ɗaya sun fi haka yawa. To wace ce za ta sake cewa ƙuri'arta ɗaya ba ta komai?

Sai dai akwai abin damuwa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista kusan miliyan shida a Kano, waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Dalilan suna da yawa, amma akwai guda da ya shafe mu kai tsaye, kuma ba a cika maganarsa ba. Yarinya ta yi rajista tana gidan iyayenta a cikin gari, bayan shekara guda aka kai ta ɗakin miji a Panshekara ko Rijiyar Lemo. Katinta yana nan a rumfar ƙofar gidansu, ita kuwa tana can. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, ga goyo, ga girki. Shi ke nan ƙuri'a ta tafi. Namiji yakan daɗe a unguwarsu, mace kuwa aure ne yake ɗaukarta, saboda haka wannan yaɗuwar da birni yake yi ta fi cin ƙuri'un mata.

BA A KAN TABARMA AKA SAMO TA BA

'Yan uwa, da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba su san cewa akwai lokacin da macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a ba. Matan Kudu sun fara zaɓe tun a shekarun 1950, amma a Arewa jam'iyyar NPC mai mulki ba ta amince ba, har aka samu 'yancin kai a 1960, har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966, iyayenmu mata suna kallo daga soro. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da ita.

A nan Kano aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, kuma tana cikin waɗanda suka dage a kan a ba mata wannan haƙƙi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ita ce ta jagoranci ɓangaren matan jam'iyyar. Ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba sau biyu, har a nan Kano, saboda tana shiga gidaje tana wayar da kan mata. Shi kuwa Malam Aminu Kano, da ya tsaya takarar shugaban ƙasa gabanin zaɓen 1983, mace ya ɗauka a matsayin mataimakiya, Bola Ogunbo, kafin Allah Ya karɓi ransa a watan Afrilu na wannan shekara. Abin da wasu suka sha kurkuku a kansa bai kamata mu musanya shi da ƙullin taliya ba.

ZAURE BABU MACE

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da kujeru 40, kuma a zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya da ta samu kujera. Kujerun sanata uku na Kano, tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa zaɓar mace a kai ba. A Majalisar Dattawa ta ƙasa mai kujeru 109, mata huɗu ne suka shiga bayan zaɓen 2023 da shari'o'insa, a Majalisar Wakilai mai kujeru 360 kuwa ba su kai 20 ba. Wannan kuwa duk da cewa tun 2006 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar bai wa mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, kuma a watan Afrilun 2022 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci a aiwatar da ita. A watan Maris na wannan shekara ta 2022 Majalisar Ƙasa ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman.

Wata za ta ce, to mene ne a ciki? Ai mazan nan iyayenmu ne da mazajenmu da 'yan uwanmu. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa ba su da tausayi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Alal misali, a 2023 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin yara ta Jihar Kano, a 2024 kuma aka sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Dokoki ne da suka taɓa goyonmu da auren 'ya'yanmu. Haka kuma kasafin kuɗin asibitocin haihuwa da na yara da makarantun 'yanmata, duk ta wannan zaure yake bi kowace shekara. Shin ba zai fi kyau ba a ce a cikin masu muhawara akwai wadda ta san zafin naƙuda, ta san abin da bazawara mai 'ya'ya biyar take ciki, ta san dalilin da yake sa uwa ta ɗora wa 'yarta talla?

Kada kuma a ce mana abin baƙo ne ga ƙasashen Musulmi. Maƙwabciyarmu Nijar ta kafa dokar ware wa mata kaso tun a shekarar 2000, ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, ta ɗaga shi zuwa 25 a 2019. Senigal, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta yi dokar daidaito a 2010, kuma a zaɓen 2012 mata suka samu fiye da kashi 40 cikin 100 na majalisarta. A nan kusa da mu, Jihar Kaduna ta zaɓi Dakta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamna a 2019, ta sake zaɓarta a 2023.

INA MATSAYIN ADDINI?

Malamai sun yi saɓani a kan mace ta riƙe babban shugabanci, wannan fage nasu ne, mu bar musu. Amma ba da shawara da faɗin ra'ayi a kan wanda zai jagoranci al'umma abu ne da yake da asali tun farkon Musulunci. Aya ta 12 a Suratul Mumtahana ta yi maganar mubaya'ar da mata muminai suka yi wa Manzon Allah (SAW) da kansu, ba a ce ta mazajensu ta wadatar ba. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, shawarar Uwar Muminai Ummu Salama (RA) ce ta warware damuwar da sahabbai suka shiga. Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu (RA) yake neman ra'ayin mutanen Madina tsakanin Sayyidina Usman da Sayyidina Ali, har mata ya tuntuɓa. A ƙasarmu ta Hausa kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajis suna bi gari-gari suna karantar da mata.

Haka kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita. Ƙuri'a shaida ce, kina shaidawa ne cewa wane ya cancanci riƙe amanar jama'a. Uwargida, a ce an ba ki Naira 5,000 da turmin atamfa. Wa'adin shekara huɗu kwana 1,461 ne. Raba kuɗin nan ki gani, bai kai Naira 4 a rana ba. Atamfar za ta koɗe kafin shekara, shaidar da kika bayar kuwa tana nan a rubuce har gaban Allah.

ƊAN GARI DA BAƘO

Maganar adalci ba ta tsaya tsakanin mace da namiji ba, ta haɗa har da ƙabila. Yawan da Kano ta yi ya tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da Barebari da Igala da sauransu, wasu an haifi iyayensu a Sabon Gari ko Fagge, ba su san wani gida ba sai Kano. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini. Duk da haka takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma takan zama katanga wajen neman aiki ko gurbin karatu. A nan ma mace ce ta fi shan wahala, domin wadda ta auri ɗan wata jiha, a garinsu a ce ta yi aure ta tafi, a garin miji a ce baƙuwa ce. Ƙudurin da zai ba ta damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure yana cikin waɗanda majalisa ta ƙi a 2022.

Mu mutanen cikin gari ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Sunayen unguwanninmu kaɗai sun ishe mu wa'azi: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa na Larabawa. Ita kanta Zaitawa, masana tarihi suna danganta sunanta da Shehu Abdurrahman Zaite, jagoran malaman Wangarawa da suka zo daga Mali ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Baƙin jiya su ne 'yan garin yau. Kuma Kano ta taɓa nuna wa ƙasar nan misali: a zaɓen 12 ga Yunin 1993, Cif Mashood Abiola, Bayarabe daga Abeokuta, ya fi Alhaji Bashir Tofa ƙuri'a a Jihar Kano, mahaifar shi Tofa ɗin. Saboda haka idan an zo miki da zancen "namu" da "nasu", ki tambaya: wane ne mai gaskiya da riƙon amana?

TO, MENE NE ABIN YI?

Na farko, ki duba katinki tun yanzu. Idan aure ko ƙaura ta raba ki da rumfarki, hukumar zaɓe ta INEC tana da tsarin sauya wurin zaɓe a duk lokacin da take rajista, a ofishinta na ƙaramar hukuma. A 2021 hukumar ta ƙara yawan rumfunan Kano zuwa 11,222, mai yiwuwa akwai wadda take kusa da sabon gidanki. Iyaye, idan kuna haɗa kayan ɗakin amarya, ku sa maganar katin nan a cikin lissafi. Wadda ta cika shekara 18 kuma a raka ta ta yi rajista.

Na biyu, kada ki ba kowa katinki ko lambarsa da sunan za a sa ki a tallafi. Kati naki ne, kamar sadakinki.

Na uku, ki nemi iznin maigida cikin ladabi tun kafin ranar, ku shirya wanda zai kula da yara, ki fita cikin suturarki ta mutunci, ki jefa ƙuri'arki ki dawo ɗakinki. Ku kuma iyayen gida maza da kuke leƙa wannan fili, don Allah a bar mata su fita, kuma a bar su da zaɓinsu. Shawara tsakanin miji da mata alheri ce, tilas kuwa ba ta cikin shaida.

Na huɗu, mu yi amfani da taron da muke da shi. Muna da Islamiyya, muna da adashi, muna da ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a Minna tun 1985. Idan ɗan takara ya aiko a tara masa mata, kada a tsaya a guɗa da rabon kaya. A zaɓi mutum uku masu bakin magana su tambaye shi: me zai yi a kan ruwan unguwa, da asibitin sha-ka-tafi, da makarantar 'yanmata? Mata nawa zai sa a cikin masu ba shi shawara? A rubuta amsarsa a ajiye, domin bayan shekara huɗu zai dawo.

Na biyar, idan mace mai ilimi da tarbiyya da tsoron Allah ta fito neman kansila ko majalisa, kada mu zama mu ne farkon masu yi mata gori da ƙazafi. Sau da yawa harshen 'yar uwa mace ne yake fara karya mata gwiwa. A auna ta da ma'aunin da ake auna namiji: gaskiya, amana, iya aiki. Idan ta cika, a mara mata baya. Idan ba ta cika ba, zamanta mace ba zai sa a zaɓe ta ba. Kuma ku sani tun a zaɓen fitar da gwani na jam'iyya ake zubar da mata, don haka masu hali da ilimi a cikinmu su nemi zama wakilai tun daga mazaɓa.

'Yan uwa, Allah Ya ba mu yawa, iyayenmu sun sha wuya sun samo mana dama, saura mu san darajarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina sauraron wasiƙunku a kan wannan batu, musamman daga waɗanda aure ya raba da rumfarsu, mu ji yadda kuka yi.

Allah Ya zaɓa mana shugabanni masu tausayi da adalci, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.